Neman Rubutun Mahaifina a Tebaram

Da sunan Allah nake farawa, Wanda ajiya ba ta ɓata a wurinSa. Tun da na dawo daga ƙasar Adar ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna ƙofar gida a ce, "Malam, wai ka ga rubutun kuwa?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk sa'ad da na maimaita sai wani abu ya ragu ko ya ƙaru. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta.

Mahaifina Malam Usmanu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara bakwai yana karatu a Tebaram, can yamma da Tawa, tun kafin a haife ni. Bayan rasuwarsa gobara ta ci ɗakinsa a gidanmu na Gwadabawa, littattafansa duka suka tafi. Na haura sittin ba ni da ko layi ɗaya na rubutun hannunsa. Abin yana damuna, amma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ina da ƙanwa da aka aurar Tawa. Ɗiyarta ta fari Rakiya ta yi karatun kwamfuta a Yamai, yanzu ita ma uwar 'ya'ya uku ce. Wata biyu kafin wannan labari wata ƙungiyar malaman Adar ta ɗauke ta aiki. Aikin ƙungiyar shi ne bin gidajen malamai ana ɗaukar hoton tsofaffin littattafai warƙa warƙa, a adana cikin inji. Wata ranar Lahadi cikin bazara sai ga wayarta.

"Kawu, kana zaune ko kana tsaye?"

Na ce ina zaune.

"To na ga sunan tsohon mijina cikin wata takarda."

Haka take kiran kakan nata tun tana ƙarama. Ta ce ta tarar da wani tsohon jerin littattafan da aka ɗauki hotonsu a gidan Malam Alhasan na Tebaram, ɗan malamin da mahaifina ya yi karatu wurinsa, kuma a layi na tara an rubuta littafin fiƙihu, warƙa ɗari da arba'in, hannun Usmanu mutumin Gwadabawa. Na ce Allahu akbar. Sai ta ce kada in yi murna tukuna. Ta ji labarin rufin ɗakin littattafan ya faɗa a daminar bara. Hotunan kuma babu su a Tawa, suna nan cikin inji ɗaya tak a gidan malamin, shi kuwa ya ce ba wanda zai taɓa masa inji sai wanda ya san asalinsa.

"Ni bai san ni ba, Kawu. Amma ya san ubanka."

Ranar Litinin da hantsi ina Illela. Ƙetare iyaka bai ba ni wuya ba, sai a shingen farko bayan Kwanni. Jandarma ya karɓi katina ya juya shi, ya tambaye ni sana'a. Na ce koyar da karatu. Sai ya gyara tsayuwa ya ce da abokinsa, "Marabu ne," wato malami. Ya ja ni gefe, na ɗauka wani laifi na yi. Ashe matarsa ce ke da ciki wata tara, yana son addu'a. Na ɗaga hannu na yi abin da ya sawwaƙa. Kafin in shafa, na biyun ya matso, shi ƙarin girma yake jira. Direbanmu yana ta danna oda, wata tsohuwa mai kwandon kaji ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, in ka gama da su ka roƙa muna Allah mota ta tashi."

Mu huɗu aka jera a kujerar da a gida mutum uku ke zama. A Tsarnawa hanya ta karkata arewa, a Badagishiri taya ta yi faci, muka sauka muka yi azahar a gindin bishiya. Nan na fara lura da abin da ya yi ta ba ni sha'awa har na dawo. Hausarmu ɗaya da mutanen nan, har karin harshen, amma da an zo maganar ofis ko inji sai bakinsu ya juya. Wutar lantarki kuran ce, ofis biro, ɗan acaɓa kabu-kabu. Wani ɗan tireda ya raba mana burodin da ya kai kamu ɗaya tsawo, ɓawonsa kamar ƙanzo. Na ci don kada in ƙi alheri, dasashina ya yi kwana biyu yana tuna mini.

Mun shiga Tawa da la'asar. Ƙanwata ta sauke ni ɗakin zaure, ta kawo fura mai sanyi da dambun zogale, ta zauna tana kallona ina ci tana faɗin yadda na tsufa.

Washegari Rakiya ta kai ni biro ɗinsu. Ɗakuna biyu ne, na ciki an rufe shi da ƙofar ƙarfe, sanyi na fita ta ƙarƙashinta. A ciki akwai inji baƙi, bai fi akwatin amarya ba, yana ƙugi a hankali. Ta fara yi mini bayani da rabin Faransanci. Na ce, "Ɗiyata, sauko ƙasa. Kawunki allo ya yi." Ta yi dariya ta sake daga farko.

Ga abin da na fahimta. Kowane gidan malami da aka yi aiki a ciki an bar masa ƙaramin inji mai hotunan littattafansa. Kullum wannan ƙaramin yana kiran babban na Tawa ta hanyar rezo, wato layin da waya ke bi, ya tura masa kwafin abin da ke cikinsa. Babban shi ke karɓa, shi ke ba kowa lokacinsa, shi ke riƙe da kundin da ke nuna abin da aka ajiye da inda aka sa shi. In ya mutu, ko da hotunan na nan, ba wanda ya san wanne ne na wa. To bara babban da suke da shi ya ƙone, aka sayo wannan aka raɗa masa sabon suna. Aka bi ƙauyuka ana gaya wa ƙanana sabon sunan, aka manta da Tebaram saboda nisa. Na Tebaram yana can wata tara yana sallama ƙofar mamaci. Sabon kuma bai taɓa jin labarinsa ba, balle ya yi cigiyarsa.

Na ce, "To yanzu mu je mu gaya mishi sabon sunan."

Ta ce, "In wanga ma ya ƙone fa? Mu sake bin ƙauye goma sha huɗu?"

Sai ta nuna mini dabarar da ta sa na ce lallai Allah Ya ba yarinyar nan kai. Injuna da lamba suke gane juna, kamar waya. Amma akwai wata rajista, su suna ce mata de-en-es, wadda in inji ya ba ta suna sai ta ba shi lambar mai sunan. A cikin rajistar nan ana iya rubuta laƙabin da ba shi da lambar kansa, sai dai a gabansa a rubuta sunan wanda yake nufi. Rakiya ta rubuta laƙabi ɗaya, ma'aji, a gabansa ta sa sunan injin Tawa. Ta sa an kafa inji na biyu a Kalfu, wani gari kusa da Tawa, wanda na Tawa ke tura wa kwafin kundinsa da hotunansa kowace awa. Ƙananan ƙauye kuma duka, ban da na Tebaram, an riga an daina gaya musu sunan yanka na kowa, ma'aji kawai suke kira. Ranar da na Tawa ya faɗi, sai a goge kalma ɗaya a rajista a rubuta sunan na Kalfu, kowa ya juya can ba tare da an taka ko ƙauye ɗaya ba.

Na ce, "Wato liman da na'ibi. Jama'a ba su zo bin Malam Wane ba, sun zo bin wanda ya shiga gaba."

"Haka ne, Kawu. Amma da sharaɗi. Na'ibi ba shi kabbara muddin liman na tsaye. In sunka kabbarta tare, rabin sahu ya bi wanga rabi ya bi wancan, kundi ya rabu biyu, ba ka sanin na gaskiya."

Ina cikin juya maganar, sai wata tambaya ta zo mini. Na ce ita rajistar sunayen a ina take kwana? In a ɗakin nan take, ai ranar da wuta ta ɗauke tare za su tafi. Ta tafa hannu ta ce da wani abokin aikinta, "Ka ji tsoho ya gano abin da wanda ya riga ni bai gano ba." Ta ce ta raba ta wuri biyu, ba ko ɗaya a ginin nan. Ta kuma ƙara mini wani abu. Inji in ya tambayi rajista sau ɗaya yakan riƙe amsar a ka, ba ya sake tambaya sai wa'adi ya cika. Da wa'adin kwana ɗaya ne cur, ita ta mai da shi minti biyar, don in an sauya kada a wuni ana buga ƙofar da ba kowa.

Laraba muka tafi Kalfu don gwaji. Tafiyar ba nisa, gonakin hatsi ne an share ana jiran ruwa. Injin na biyu yana wani ɗaki a bayan makarantar Malam Idi, dattijo mai son raha wanda ya yi ritaya daga koyarwar boko. Hasken rana ke ciyar da injin ta faifan da suke kira pano, don haka ba ruwansa da kuran ɗin birni. Malam Idi ya tarbe ni da cewa, "Kai ne ɗan Najeriyar da ya zo koya muna ɗauke wuta?" Na ce ai na tarar kun iya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka kawo mana tuwon hatsi da miyar kuɓewa busassa.

Rakiya ta buga waya Tawa ta ce a kashe babban da gangan. Ta sauya kalmar, aka ta da na Kalfu, muka jira. Minti biyar suka wuce, ƙananan ƙauye suka zo ƙofa, sai dai duk suka juya suka ƙi ba shi komai. Ta ɓata fuska ta duƙa tana karanta abin da suka rubuta. Ashe kowane babban inji yana da wata shaida da yake nunawa kafin a amince masa, ta na Kalfu kuwa sunan yankansa kawai ke jiki. Su ma'aji suka zo nema, suka ga wani suna daban, suka ɗauke shi ɗan damfara. Laifinta ne, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Na manta in naɗa mishi rawanin." Ta sake masa shaida mai ɗauke da laƙabin, aka sake gwadawa, suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Ta mai da komai Tawa yadda yake, sannan ta ci tuwonta da ya riga ya huce. Ta rubuta wa Malam Idi matakan a takarda da manyan baƙaƙe ta manna a bango, ya karanta mata su sau biyu kamar mai biya hadda.

Alhamis bayan asuba muka kama hanyar Tebaram da motar wani Ba'abzine mai suna Agali, wanda idanunsa kawai nake gani ta cikin rawani. Kwalta ta ƙare tun ba mu yi nisa ba, saura yashi da duwatsu. Sau ɗaya muka kafe, muka fita muna tura ƙirare ƙarƙashin taya. Da motar ta fita sai Agali ya ciro cuku daga aljihu, busasshen madara ne kamar fatar ganga, ya ɓalla mini. Na tauna na tauna bai san ina yi ba. Ya ce a cikin shayi ake jiƙa shi. Na ce da ka faɗa tun ina da haƙora.

Hantsi ya yi sosai muka isa. Malam Alhasan ya kusa tamanin, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi sunan mahaifina. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce, "Usmanu mai tsawo. Shi ya koya mini ɗaurin alƙalami ina yaro." Aka kawo shayi. A nan ba a maganar da ta kawo ka sai an sha zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe kamar zuma. Ina ganin Rakiya tana satar kallon rana, amma ta zauna ta sha nata duka.

Sannan ya kai mu ɗakin da rufinsa ya faɗa. An gyara rufin, littattafan da suka tsira suna jere a kan katako. A kusurwa akwai wani kwando da aka rufe da farin ƙyalle. Ya ɗaga. Littafi goma sha ɗaya ne a ciki, ruwa da laka sun haɗe su sun zama kamar tubali, gara ta gama da sauran. Ya ce bai iya zubarwa ba, bai kuma iya binnewa ba tukuna.

"Na ubanka na ciki. Shida na ubana ne."

Na sa hannu na taɓa. Ba abin da za a iya buɗewa.

Rakiya ta tambayi Malam inda injin yake. Ya nuna sama. Yana can kan wani ɗan dandamali kusa da azara, an naɗe shi cikin ƙyalle uku, an cusa shi cikin gafakar fatar akuya irin wadda ake sa Alƙur'ani, waya kawai ta leƙo. Malam ya ce tun da aka gaya masa akwai ayoyi da sunayen Allah a ciki bai ga dalilin da zai bar shi tsirara ƙura na hawansa ba, kuma bai taɓa ɗaukarsa ba alwala ba. Na duba fuskar Rakiya. Na san abin da ke ranta, don ta gaya mini a hanya cewa zafi ne ajalin waɗannan injuna. Wata da watanni ke nan yana dahuwa cikin fata a bazarar Adar. Amma ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Ta nemi buta ta fita ta yi alwala, ta dawo ta ce, "Baba, ka yi mishi sutura ta girma. Sai dai shi wanga bawan Allah ta jiki yake numfashi. A ba ni izini in kwance shi ya sha iska." Ya ce Bismillah. Ya hana a ajiye shi ƙasa, sai aka kifa turmi aka shimfiɗa sabon ƙyalle aka ɗora.

Ta ciro wani ɗan abu kamar yatsa daga jakarta don ta kwashe hotunan a ciki, sai ta tsaya. Duk kafofin da ake soka irinsa an cike su da ƙaro, ya bushe ya yi ƙarfi kamar dutse. Malam ya ce shi ya cike su. Shekarun baya wani ya zo ya ɗauki hoton wani littafin addu'o'i na ubansa, daga baya aka gan shi ana sayarwa a kasuwa warƙa warƙa an yi layu da shi. Saboda haka sharaɗinsa da ƙungiya shi ne hoto ba zai fita gidansa cikin aljihun kowa ba, sai ta hanyar da aka yi alkawari, zuwa ajiyar da ke kulle. Rakiya ta mai da abin cikin jaka. Ta ce, "Alkawari ne, Baba. Ta hanyar za su bi."

Sau huɗu tana danna injin kafin ya farka, kuma da ya farka wani abu na ƙas-ƙas a cikinsa kamar ɓera cikin rumbu. Ta ce faifan da hotunan ke kai ne ke ciwo, in ya sake mutuwa ba ta da tabbacin zai tashi. Na roƙe ta ta buɗe mini ko warƙa ɗaya in gani. Ta ce, "Kawu, yi haƙuri. Duk buɗewa ƙarfinshi take ci. Bari su tsallaka tukuna." Ta goge sunan mamacin da yake kira, ta rubuta ma'aji. Muka rataya jiƙaƙƙen bargo a ƙofa, ni da Malam muka sa shi tsakiya kowa da maficinsa muna yi masa fifita.

Ta ce za ta fara da goma sha ɗayan da takardarsu ta lalace, ta tambayi wanne za a sa gaba. Bakina ya cika da magana amma kunya ta hana ni, ga mutum da littafin ubansa shida a kwando. Malam bai ko dube ni ba ya ce, "A fara da na baƙo."

Lambar warƙoƙin da suka tsallaka ta fara hawa a fuskar injin, ɗaya, biyu, a hankali kamar ɗigon ruwa, don rezo ɗin garin ba ƙarfi. Muka yi azahar muka dawo tana hamsin da wani abu. Da ta kai saba'in da uku sai ta tsaya. Na ci gaba da fifita ina jira ta motsa, ba ta motsa ba.

Rakiya ta kira Tawa. Kuran ta ɗauke a unguwar tun ɗazu, janareton biro ya ƙi tashi, batir kuma ya ƙare yanzun nan. Mai gyara ya ce sai gobe. Na ce innalillahi. Ƙas-ƙas ɗin nan kuwa sai ƙaruwa yake.

Ban ga ta firgita ba. Ta ce da abokin aikinta na Tawa, "Cire ma babban injin waya daga bango gaba ɗaya. Ko kuran ta dawo kada shi tashi sai na ce. Ka cire? Faɗa mini da bakinka." Sannan ta kira Kalfu. Muna jin muryar Malam Idi yana cewa yana tsakiyar aski, rabin kai ya rage. Ta ce, "Baba Idi, bar rabin, tahi ga takardar bango." Muka ji yana tafiya yana mita, muka ji yana karanta matakan da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, har ya ce fitila ta yi kore. Ta buɗe rajistar sunaye a wayarta, ta goge kalma ɗaya ta rubuta wata. Ta ajiye wayar a cinya ta ce, "Minti biyar."

Na yi jira iri iri a rayuwata, amma ban san minti biyar na da tsawo haka ba. Malam Alhasan yana fifita da hannun dama yana jan carbi da na hagu. Agali ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya sake jiƙa bargon. Ni dai ina ta salati a zuci, idona a kan saba'in da uku.

Sai lambar ta ɓace, ta dawo sittin da ɗaya. Na ce, "Rakiya, baya yake komawa!" Ta ce, "Alhamdu lillahi. Na'ibi ne ya karɓa. Daga inda kwafinshi ya tsaya yake ɗorawa." Sittin da biyu. Sittin da uku. Malam ya ajiye carbi ya ce, "Ikon Allah. Shi wanga bai ma san an sauya ba?" Ta ce bai sani ba, kuma ba ya bukatar ya sani.

La'asar sakaliya ta cika ɗari da arba'in. Rakiya ba ta yarda ta ce an gama ba sai da ta nemi izinin Malam ta ɗauko littafin daga ajiyar Kalfu zuwa tata kwamfutar, don ta tabbata abin da aka ajiye yana ɗaukuwa. Ta juyo mini da fuskar.

Na san hannun nan da ganin farko, ko da yake nan yana saurayi ne, baƙaƙen sun fi tsayi, alƙalamin yana rawa. Abin da ban zata ba shi ne jan tawada. Kowace warƙa ta sha gyara. Nan an soke kalma, can an maido wasalin da ya tsallake, wani wuri layi guda aka kewaye aka rubuta a gefe, sake. Mutumin da in na ɗiga tawada a allo sai ya sa in wanke in faro daga sama, ga shi an kama shi sau goma sha ɗaya a shafi ɗaya. Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na bin gemuna. Rakiya ta leƙo ta ce, "Ashe tsohon mijina ma ya sha ja." Malam Alhasan ya kawo idonsa mai gani kusa ya ce jan hannun ubansa ne.

Kwana biyu muka ƙara a Tebaram muna fifita. Ɗakin baƙi aka ba ni, da shimfiɗar tabarma da tulun ruwa, matan gidan suka ja Rakiya ciki. Ranar Asabar da hantsi injin ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru, bai sake tashi ba. Tara daga cikin goma sha ɗayan sun tsallaka. Biyun da suka rage duka na uban Malam ne, kuma na san da ba a sa nawa gaba ba da wataƙila ɗayansu ya samu shiga. Na faɗa masa haka. Ya yi istirja'i, ya ce abin da aka rubuta zai tsira shi ya tsira, kada in sake ta da maganar. Rakiya ta fita bayan ɗaki ta daɗe, da ta dawo idanunta sun yi ja. Ta ce da ta zo wata ɗaya kafin haka. Malam ya ce, "Da ba ki zo ba sam fa, ɗiyata?"

Da za mu tafi na roƙe shi abu ɗaya. Na ce na san sharaɗinsa, ba zan nemi hoto a aljihu ba, amma ko zai yarda in zauna a biro ɗin Tawa in kwafi littafin da alƙalami. Ya ce ɗalibi ba a taɓa hana shi kwafa da hannu ba a gidan nan, ya sa aka rubuta mini izini ya sa hannu. Kwana goma sha tara na yi a Tawa ina kwafa, ƙanwata tana aiko mini da fura, kuma da tawada iri biyu na zauna, saboda abin da Malam Alhasan ya ce da ni a bakin mota ranar da muka bar Tebaram. Ya riƙe ƙofar motar, Agali na jira, ya ce:

"In za ka kwafa, ka kwafa har da kuskuren, ka sa jan inda yake. Kada ka gyara ma ubanka abin da ubana ya riga ya gyara."

Haka na yi. Allah Ya jiƙan su biyun, Ya sa mu cika da imani.